Zulumi Da Saƙe-Saƙe: Ciwon Ɓoye Na Masu Neman Rufin Asiri A Gwarzo Da Kabo

Idan aka tambayi Bahaushe abin da yake nema a zaman duniya, amsar da ta fi saurin fita daga bakinsa ita ce rufin asiri, watau ya sami abin da zai ci da iyalinsa, da suturar da za su sa, da inda za su kwana, ba tare da maƙwabci ya ji kansu ba. Wannan buri ne na kirki, kuma shi ne yake sa iyaye a ƙasar Gwarzo da Kabo su sayar da akuya ko buhun dawa domin biyan kuɗin jarrabawar 'ya'yansu, shi ne kuma yake tara matasa a ƙofar sakatariya duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin ɗaukar ma'aikata. To amma akwai wani rukuni na mutane waɗanda neman rufin asirin yake zame musu ciwo. Sun sami aikin, ko sun sami gurbin karatun, amma zuciyarsu ba ta zauna ba, kullum suna cikin saƙa da warwara a kan abin da bai riga ya faru ba, har ta kai ba su iya yanke hukunci a kan ƙaramin al'amari sai sun ji ta bakin mutum biyar.

Irin waɗannan mutane ba a kiransu marasa lafiya, don kuwa ba su kwanta ba. Hasali ma su ne aka fi yabo a wurin aiki, saboda ba su makara, ba su taɓa kuɗin hukuma, ba su kuma sa hannu a takardar da ba su karanta ba. Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya taɓa lissafa halayen mutumin kirki a wajen Hausawa cikin wata lacca da aka buga a 1974, ya kawo gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi da sauransu. Mai irin halin da ake magana a kai yana da kaso mai tsoka daga cikin waɗannan. Abin da ya rasa guda ɗaya ne, shi ne amincewa da hankalin da Allah Ya ba shi.

YADDA HALIN YAKE BAYYANA

A ɗauki misalin akawu a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma. Shugaban sashe ya wuce shi da safe bai amsa gaisuwarsa da fara'a ba. Wani ma'aikacin zai ce ƙila maigidan bai yi barci sosai ba ne, ya ci gaba da aikinsa. Shi kuwa wannan akawu sai ya shiga lissafin duk fayilolin da suka bi ta teburinsa a watan, yana neman inda ya yi kuskure. Kafin azahar ya tambayi masinja ko ya ji wani labari, kafin la'asar ya kira wani ɗan'uwansa da ke aiki a Sakatariyar Audu Bako a Kano, da dare kuwa ya riga ya ga kansa an yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa, har yana tunanin makarantar da zai mayar da yaransa. Washegari maigidan ya gaishe shi da dariya, hankalinsa ya kwanta, amma kwana biyu kawai, sai wani abin ya sake tasowa.

Haka nan ɗalibar da ta gama sakandare tana cike takardar neman shiga babbar makaranta. Tana son aikin koyarwa, kuma ta san tana da baiwar yinsa, amma sai ta tambayi yayanta ya ce aikin jinya ya fi tabbas, ta tambayi malaminta ya ce lauya, ta tambayi ƙawarta ta ce kasuwanci. Kowace amsa tana ƙara mata ruɗani, har ranar rufe rajista ta zo ta zaɓi abin da wanda ta tambaya a ƙarshe ya faɗa. Hausawa sun ce mai shawara aikinsa ba ya ɓaci, amma su ne dai suka ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Alamomin sukan nuna har a jiki: faɗuwar gaba ba dalili, da rashin barci, da ciwon kai da na wuya, da murɗawar ciki, da saurin fushi a gida. Wani abin mamaki kuma shi ne mai wannan hali yakan rataya ga shugaba ko malami ko wani babba a matsayin bango abin jingina, amma a lokaci guda yana shakkar wannan bangon, yana auna kowace kalma da ta fito daga bakinsa ko akwai wata manufa a ɓoye.

TSORON YANA DA TARIHI

Ba adalci ba ne a ɗora wa mutum laifin wannan hali ba tare da an dubi ƙasar da ya tashi a cikinta ba. Gwarzo tana yamma da birnin Kano da kimanin kilomita 70, a kan hanyar da ta fita daga Kabuga ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo, ta zarce Dayi a Jihar Katsina. Tana cikin ƙananan hukumomi 20 da aka kafa a tsohuwar Jihar Kano a 1976, Kabo kuwa ta zo daga baya. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 180,000 a Gwarzo, fiye da 150,000 a Kabo, kuma mafi yawansu manoma ne waɗanda abincinsu na shekara ya rataya a kan damina guda. Dattawan Getso da Kutama da Garo ba su manta da farin 1972 zuwa 1974 ba, lokacin da rumbuna suka zama wayam, dabbobi suka yi ta mutuwa. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai wata cuta da ƙwari ke yaɗawa ta halaka gyaɗa a 1975, alhali gyaɗa ce hanyar samun kuɗin talaka a wancan zamani.

Iyayen da suka ga wannan tashin hankali sun yanke shawarar cewa 'ya'yansu ba za su dogara da gajimare ba. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya ƙara wa aikin gwamnati kwarjini, shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya buɗe ƙofar makaranta ga yaran ƙauye, sai albashin ƙarshen wata da fansho suka zama su ne sabon rumbu. To sai dai wannan rumbun ma bai tsira daga gara ba. A cikin 1975 ɗin dai gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 a faɗin ƙasa, da yawansu a rediyo suka ji sunayensu. An sake rage ma'aikata a 1984, sannan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, albashin da yake kai mutum ƙarshen wata ya koma ba ya wuce mako biyu. A baya-bayan nan ma, tantancewar da aka yi wa sababbin ma'aikatan Jihar Kano a 2023 ta ƙare da mayar da fiye da 9,000 bakin aiki da sallamar fiye da 3,000, a shekarar da janye tallafin man fetur ya ninka kuɗin mota da na abinci. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta daɗe tana addabar Jihar Katsina, wadda a 2025 ta taɓa wasu ƙauyukan Shanono, maƙwabciyar Gwarzo.

Saboda haka idan ma'aikaci a wannan yanki yana ɗar-ɗar, ba daga sama ya ɗauko ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin lura dai shi ne, mutum biyu za su ga masifa iri ɗaya, ɗaya ya ɗauki darasi ya yi tanadi ya ci gaba da rayuwarsa, ɗayan kuwa ya mayar da kowane tsumma maciji har ƙarshen ransa.

CIWON KAN 'YAN MAKARANTA

Ɗalibai suna da nasu kason, kuma likitoci sun daɗe da saninsa. A 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abekuta, ya rubuta bayani a kan wani ciwo da ya ga ya yawaita a tsakanin ɗaliban Nijeriya, wanda su da kansu suke kira gajiyar ƙwaƙwalwa. Ɗalibi yakan ji kansa yana zafi, ko ya ji kamar wani abu yana tafiya a cikinsa, idanunsa su riƙa dishi-dishi idan ya buɗe littafi, ya karanta shafi sau uku bai riƙe kome ba. Likitoci da dama daga baya sun fahimci cewa galibi zulumi ne da damuwa suke fitowa ta hanyar jiki, musamman ga yaron da ya san cewa gidansu duka sun zuba masa ido.

Wannan bayani ya dace da ɗalibin Gwarzo ko Kabo na yau, wanda sau da yawa shi ne na farko a gidansu da ya kai ga zana jarrabawar WAEC, ko ta JAMB da aka kafa a 1978. A wajensa faɗuwa jarrabawa tana nufin akuyar da aka sayar ta tafi a banza, tana nufin kunya a gaban ƙanne da surutun tsangaya da majalisa. Sai ya kwana yana karatu da goro da shayi mai kauri, waɗanda dukkansu suna ƙara bugun zuciya da hana barci, ya shiga ɗakin jarrabawa ya rubuta amsa daidai, sannan ya soke ta saboda ya ga na kusa da shi ya rubuta wata dabam.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da ciwon zulumi a duniya, mata sun fi maza yawa, kuma kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai yake samun magani. Akwai kuma masu rarraba halayen ɗan Adam gida-gida. Wani tsari da Oscar Ichazo na Bolibiya da Claudio Naranjo na Chile suka yaɗa a shekarun 1970 ya kasa mutane kashi tara, kashi na shida shi ne na mai biyayya, mai neman tsaro, mai yawan shakka. Matasa da yawa suna cin karo da wannan a intanet su ce lalle su ne aka zana. Ya kamata a sani cewa masana kimiyyar halayyar ɗan Adam ba su ɗauki wannan rabe-rabe a matsayin abin da bincike ya tabbatar ba. Amfaninsa bai wuce na madubi ba, kuma yana da haɗari idan mutum ya riƙe shi hujja ya ce haka aka halicce shi, ba zai sake ba.

Abin da bincike ya fi ƙarfafawa shi ne wanda masana a Jami'ar Laval ta Kanada suka fito da shi a shekarun 1990. Sun nuna cewa tushen yawan zulumi shi ne gazawar mutum wajen jure rashin tabbas. Mai wannan hali ba ya iya zama da kalmar “wataƙila”. Da ya zauna bai san abin da zai faru ba, gara masa ya tabbatar wa kansa da mummunan labari. Saboda haka yake tambaya, yake sake duba ƙofar da ya kulle, yake jinkirta yanke shawara. Duk lokacin da aka ba shi tabbaci yakan ji sanyi na ɗan lokaci, sai zuciyarsa ta koyi cewa tambayar ce ta cece shi, gobe kuma ta buƙaci tambaya biyu. Ta haka maganin da yake sha yake zama abincin ciwon, kamar mai ƙaiƙayi da susa.

Shin abubuwan da ake zulumi a kansu suna faruwa kuwa? Wasu masana biyu a Jami'ar Jihar Pensilbaniya ta Amurka, Lucas LaFreniere da Michelle Newman, sun sa mutum 29 masu wannan ciwo su rubuta duk abin da ya dame su har kwana 10, sannan aka bi sawun abubuwan har wata guda. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna cewa fiye da kashi 91 cikin 100 na abubuwan ba su auku ba. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, amma duk wanda ya gwada wannan a kansa da littafi da alƙalami zai ga abin da ya yi kama da haka.

MALAMAI SUN RIGA SUN YI MAGANA

Wannan ilmi ba baƙo ba ne ga Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya ware babi-babi a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya kwatanta yawancin abin da ake tsoro da hazo, wanda mai hango shi daga nesa yake zaton bango ne, sai ya shiga cikinsa ya tarar iska ce yana numfashi kamar kullum. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo.

Ba sai an je nesa ba ma. Duk yaron da ya zauna gaban malami a zauren Gwarzo ko Kabo ya karanta Ahalari ya wuce ta kan hukuncin mai waswasi a salla. Wanda shakka ta same shi jefi-jefi a kan adadin raka'o'insa, ana umartarsa ya yi gini a kan abin da ya tabbatar ya cika sauran. Amma wanda shakka ta zame masa jiki, tana zuwar masa kullum, hukuncinsa dabam ne: ya yi watsi da waswasin, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi sujada ba'adi ya tashi. Malaman Malikiyya sun gane tun ƙarnoni da suka wuce cewa biye wa shakkar irin wannan mutum ƙara mata ƙarfi yake yi, watau daidai abin da masanan Kanada suka tarar.

Haka nan tsarin da addini ya shimfiɗa wajen yanke hukunci yana da farko yana da ƙarshe. A Suratu Ali Imrana an jera shawara, sannan ƙudurta niyya, sannan dogaro ga Allah. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Mai zulumi yana tsayawa ne a matakin farko, yana ta shawara ba ƙudurtawa, yana ɗaure raƙumin sannan ya kwana a gindinsa yana taɓa igiyar. Wasu kuma sukan ji tsoron kalmar amincewa da kai, suna zaton girman kai ce ko jayayya da ƙaddara. Ma'anarta a nan ita ce mutum ya yarda cewa hankalin da aka ba shi amana ce da aka ba shi don ya yi aiki da ita, kuma idan ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure, zai iya ɗaukar sakamakon ya gyara.

DARASI DAGA GONA

Babban malamin wannan fanni yana nan a bayan gari da fartanya a kafaɗa. Manomin Kabo bai taɓa samun takardar tabbaci daga kowa ba cewa ruwan farko zai ɗore. Yakan dubi sama, ya tona ƙasa ya ga zurfin laima, ya ji ta bakin dattawa biyu ko uku, sannan ya fita shuka. Wani ma binne yake yi tun ruwa bai sauka ba. Yana sane da cewa shukar tana iya ƙonewa, shi ya sa yake rage iri a gida domin yin ƙari, yake kuma haɗa gero da dawa da wake a gona guda don in wannan ya ƙi wancan ya yi. Manomin da ya ce ba zai shuka ba sai ya tabbata, zai ga maƙwabtansa suna girbi shi yana riƙe da iri.

A nan ne bambancin tsantseni da waswasi yake fitowa fili. Tsantseni yana ƙarewa da aiki. Tsoron fari ne ya haifar da shirin gina madatsun ruwa da aka soma a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda daga baya ya kawo madatsar Guzuguzu a ƙasar Kabo da ta Pada a ƙasar Gwarzo, har ake noman rani a gefensu. Waswasi kuwa yana ƙarewa ne da wani waswasin. Ma'aikacin da tsoron sallama ya sa shi ya adana takardunsa na ɗaukar aiki da na ƙarin girma a wuri guda, ya shiga adashi, ya sayi tunkiya biyu ya ba da kiwo, ya yi tsantseni. Wanda tsoron ya hana shi barci shekara goma amma bai ajiye ko sisi ba, waswasi ne ya cinye shi.

MATAKAN DA ZA A IYA ƊAUKA

Likitocin da ke bin hanyar gyaran tunani, wadda Aaron Beck na Amurka ya assasa a shekarun 1960, suna koya wa masu wannan hali wasu dabaru waɗanda ba su buƙatar kuɗi. Na farko shi ne mutum ya tambayi kansa ko abin da ya dame shi yana da aikin da za a yi a kai yau. Idan akwai, ya tashi ya yi. Idan babu, ya rubuta shi a littafi da kwanan wata, ya dawo bayan wata guda ya ga nawa ne suka faru. Na biyu shi ne dabarar da Thomas Borkovec da abokan aikinsa suka gwada a 1983, watau a ware wa tunani lokaci guda a yini, kamar rabin sa'a bayan la'asar, duk damuwar da ta zo a wani lokacin a ce mata ta jira lokacinta.

Na uku shi ne a yi wa shawara iyaka. A kan babban al'amari kamar aure ko barin aiki, mutum ya zaɓi mutum biyu masu sani da amana, ya yi istihara, ya sa wa kansa ranar yanke hukunci, kuma kafin ya tambayi kowa ya fara rubuta nasa ra'ayin don kada ya ɓace a cikin na mutane. A kan ƙananan al'amura kuwa, kamar amsa wasiƙar ofis ko zaɓen littafin da zai fara karantawa, ya hana kansa tambaya ɗungum. Da farko gabansa zai faɗi, amma faɗuwar gaban tana sauka da kanta idan aka ƙyale ta, kuma kowace shawara da ya yanke shi kaɗai tana zama shaida a wajensa cewa yana iyawa. Da koyo akan iya. Sai kuma kula da jiki: rage goro da shayi da yamma, da ajiye waya kafin kwanciya, da tafiya a ƙasa ko aikin gona, domin gajiyar jiki tana kawo barcin da gajiyar tunani take korewa.

Shugabanni a ofisoshi da malamai da iyaye su ma suna da nasu aikin. Shugaban da yake ɓoye bayani, yake barin jita-jita ta yi yawo a kan canjin wurin aiki ko tantancewa, yana shuka zulumi ne a zukatan ma'aikatansa mafi amana, kuma sakamakonsa shi ne fayil ya yi wata uku yana yawo saboda kowa yana tsoron sa hannu. Uban da yake yanke wa ɗansa kowane hukunci har ya girma, kada ya yi mamaki idan ɗan ya kai shekara talatin bai iya sayen rago shi kaɗai ba.

YAUSHE ZA A JE ASIBITI?

Idan zulumin ya kai wata shida yana zuwa kusan kullum, ya hana barci ko aiki ko karatu, ko kuma mutum ya fara jin rayuwar ta ishe shi, to magana ta wuce ta dabara, sai a ga likita ba tare da jinkiri ba. Ana iya farawa daga Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa, domin akwai cututtukan jiki, kamar na maƙoƙo da ƙarancin jini, waɗanda suke kawo bugun zuciya irin na fargaba, kuma gwaji ne kaɗai yake bambanta su. Daga nan ana iya tura mutum sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin Dawanau. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da haƙƙin mai irin wannan lalura na a kula da shi cikin mutunci ba tare da tsangwama ba. Babban haɗari shi ne mutum ya nemi sauƙi a kantin magani da kansa. Ƙwayoyin sa barci da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da shi da sarrafa shi a 2018, sun jefa matasa da yawa cikin ciwon da ya fi na farko muni.

Ƙasar Gwarzo da Kabo tana buƙatar masu tsantseni, don su ne suke hango ɓarakar da wasu ba su gani ba, su ne kuma ake iya bar wa makullin ma'aji a yi barci. Abin da ake fata shi ne akawun da ya duba lissafinsa sau biyu ya sa hannu ya tafi gida, ɗalibar da ta ji shawarar manya ta cike takardarta da abin da ta san za ta iya, kowannensu ya bar sauran ga Mai kowa Mai kome. Allah Ya ba da natsuwa, Ya rufa asiri duniya da lahira.